Tsohuwar Kwamfuta da Takardun Gunduma: Jawabi ga Hakimai da Malamansu a Karfi

Maganar da aka zo da ita ta shafi na'urar nan da ta gaji tafireta a ofisoshi da yawa, watau kwamfuta, da kuma takardun jama'a da ke cikinta.

Ran 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft na Amurka ya janye hannunsa daga lura da Windows 10. Labarin ya wuce ba tare da wata hayaniya ba a wannan yanki, gama kashegari malamai suka kunna na'urorinsu, suka ga kome yana nan yadda ya ke. Wasiƙa tana buguwa, firinta tana fitar da takarda. Saboda haka mutane da yawa suka ɗauka zancen na 'yan birni ne. To, a nan ne haɗarin ya ke, shi ya sa aka ga ya kamata a warware al'amarin dalla-dalla.

Abin da Windows ta ke

Kwamfuta ƙarfe ce da waya, ba ta iya kome da kanta sai da umurnin da aka rubuta mata, wanda a ke kira manhaja. Manhajoji iri-iri ne: akwai ta buga wasiƙa, da ta lissafi, da ta shiga intanet. Amma akwai guda ɗaya da ke bisa dukansu, ita ce uwar manhaja. Matsayinta kamar na sarkin gida ne a fada: ita ke buɗe ƙofa, ita ke nuna wa kowace manhaja ɗakinta, ita ke riƙe da mabuɗin taska. Windows ita ce uwar manhajar da ta fi yawa a kwamfutocin ofis a duniya. An fito da Windows 10 ran 29 ga Yuli 2015, ta yi shekara goma da 'yan watanni ana kula da ita.

Wannan kulawa kuwa ga yadda ta ke. Uwar manhaja rubutu ne mai layi miliyoyi, kuma aikin ɗan Adam ba ya rasa kuskure. Wani kuskuren ya kan zama kafa wadda ɓarawo zai iya bi ya shiga na'ura daga nesa, ta hanyar intanet, ko ta filashin da aka jona. Idan aka gano irin wannan kafa, sai kamfani ya rubuta faci ya aiko, na'ura ta karɓa ta toshe. Microsoft ya saba aiko da facinsa ran Talata ta biyu a kowane wata. Wannan shi ne abin da malami kan gani idan na'ura ta ce masa a dakata, kada a kashe ta, tana sabuntawa. Sau da yawa ma sai ya yi tsaki, don yana sauri.

Abin da aka daina yi wa Windows 10 ke nan. Kuma akwai wani abu da ya sa lamarin ke ƙara muni wata bayan wata. Windows 11, wadda ta gaje ta tun ran 5 ga Oktoba 2021, gininsu ɗaya ne a wurare da yawa. Duk lokacin da aka aiko wa sabuwar da faci, ɓarayi su kan zauna su bincike shi, su gane kafar da aka toshe, sa'an nan su je su duba ko tana nan a tsohuwar. Sau da yawa tana nan, ba kuwa mai toshe ta. Watau kamfani da kansa ke nuna musu hanya ba da niyya ba.

Dattawan wannan ƙasa ba su bukatar dogon bayani a kan irin wannan. A zamanin En'e, lokacin da audugar Funtua da Malumfashi ke cika injin gurza, akwai dokar da ta tilasta wa kowane manomi ya tuge itatuwan audugarsa ya ƙone bayan an gama tsinka, don kada tsutsa ta sami wurin kwana har damina ta zagayo. Hakimai da dagatai su ne ke tsare wannan doka. Wanda ya ƙi tugewa ba kansa kaɗai ya cuta ba, har da duk wanda suka yi iyaka da shi. Haka na'urar da ba a yi mata faci ta ke. Filashin da aka cire daga jikinta za a kai shagon buga takardu, daga can ya wuce sakatariyar ƙaramar hukuma, ko makaranta, ko asibiti.

An riga an ga misali. Ran 12 ga Mayu 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu cikin ƙasashe fiye da 150. Aikinta shi ne ta kulle duk takardun da ke cikin na'ura, ta ce sai an biya fansa. A Ingila asibitocin gwamnati da dama suka tsaya cik, aka soke ganin likita da aikin tiyata na dubban mutane. Abin lura shi ne, Microsoft ya riga ya aiko da facin wannan kafa tun watan Maris na shekarar, wata biyu kafin ɓarnar. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su karɓa ba. Mutanen wannan yanki sun san ma'anar kalmar fansa sani mai ɗaci, ba sai an fassara musu ba.

Gaskiya ba ta cika sai an faɗi ɗaya gefen. Shi ma facin ya kan zo da lahani wani lokaci. Ran 19 ga Yuli 2024 wani kamfanin tsaro mai suna CrowdStrike ya aika da sabuntawa mai kuskure, ta tsai da kwamfutoci wajen miliyan 8 da rabi masu Windows, jiragen sama suka kasa tashi, bankuna suka rikice. Amma irin wannan ya kan faru ne jefi-jefi, kuma wanda ya yi ɓarnar shi ke gyarawa cikin kwanaki. Ɓarawo kuwa ba ya dawowa gyara.

A fara da ƙidaya

Ba a yanka haraji sai an yi ƙidaya. Abin da ya kamata hakimi ya fara yi shi ne ya sa malaminsa ya rubuta duk kwamfutocin da a ke aikin ofis da su, har da ta malamin kansa idan da ita ya ke buga wasiƙun gunduma, abin da ya zama ruwan dare. A rubuta sunan kowace, da wanda ke riƙe da ita, da irin Windows da ke kanta. Gane wannan ba wuya: a danna maɓallin Windows tare da harafin R, a buga winver, sai allo ya nuna. Ba abin mamaki ba ne a tarar da wadda har yanzu ke kan Windows 7, wadda aka bar kula da ita tun ran 14 ga Janairu 2020. A duba manhajar buga wasiƙa kuma, gama Office 2016 da Office 2019 su ma wa'adinsu ya cika rana ɗaya da Windows 10.

Idan an gama ƙidaya, na'urorin za su kasu. Akwai waɗanda za su iya ɗaukar Windows 11, kuma ga mai Windows 10 ta halal ba a biyan kome wajen hawa. Microsoft ya gindaya sharuɗɗa: ƙwaƙwalwar aiki ta kai gigabait 4, rumbun ajiya ya kai gigabait 64, sa'an nan na'ura ta kasance da wani ɗan ƙaramin sashen tsaro da a ke kira TPM 2.0. Injin cikinta kuma, idan na Intel ne, ya zama daga zubi na takwas zuwa sama, watau galibi na 2017 ko 2018 zuwa gaba. Akwai 'yar manhaja kyauta mai suna PC Health Check wadda ke auna na'ura ta faɗi ko ta cancanta. Wani lokaci sashen tsaron yana nan, a kashe kawai ya ke, mai gyara zai iya kunna shi cikin minti kaɗan.

Wahalar tana ga sauran. Yawancin kwamfutocin da ke shigowa ƙasar nan na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama amfani da su, su biyo ta Ikko, su iso Kano, daga nan su bazu. Da yawansu lafiyayyu ne garau, za su iya shekara biyar nan gaba suna buga wasiƙa, amma sharaɗin nan ya ƙi su. An yi ta sukar Microsoft a kan haka a ƙasashe da dama, kuma sukar tana da hujja, don bai kyautu a mai da kayan da ke aiki bola ba. Ko da ya ke haka ne, sukar ba ta toshe kafa.

Kamfanin ya buɗe wata hanyar jinkiri. Ga mutum mai na'urarsa, aka ba da ƙarin faci na shekara guda, wanda aka yanka masa wa'adi ran 13 ga Oktoba 2026, a kan dala 30, ko kyauta ga wanda ya yarda ya haɗa na'urarsa da asusun Microsoft. Ga ma'aikatu kuma aka sa dala 61 a kan kowace na'ura a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa kowace shekara, iyakarsa shekara uku. Wannan aron lokaci ne kurum. Ofishin da zai biya na shekara uku, gara ya tara kuɗin ya sayi wata na'urar.

Akwai kuma hanyar da ba a cika ambata ba a nan, alhali ta dace da tsofaffin na'urori ƙwarai. Ita ce a sauke Windows gaba ɗaya, a ɗora wata uwar manhaja mai suna Linux. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara ta a 1991, ya bar ta a buɗe, kowa ya ɗauka kyauta, kowa ya gyara. Tana da iri da yawa. Wanda ya fi shahara shi ne Ubuntu, wanda wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya kafa a 2004. Zubin da aka fitar a Afrilu 2024 an yi alkawarin yi masa faci shekara biyar, har 2029. Tare da ita akwai LibreOffice, wadda ke buga wasiƙa da lissafi, tana kuma buɗe takardun Word da Excel. Ba abin 'yan wasa ba ne: a 2024 gwamnatin jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawarar mai da kwamfutocinta wajen 30,000 kan wannan hanya. Amma a yi gaskiya, malamin da hannunsa ya saba da Word zai yi 'yan makonni yana lalube, wasu takardun kuma tsarinsu ya kan ɗan goce, wata tsohuwar firintar ma ta ƙi. Saboda haka a gwada a kan na'ura ɗaya tukuna, a kuma tabbata akwai wanda ya san ta a Malumfashi ko Funtua.

Na'urar da ba ta sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, a raba ta da intanet, a hana jona mata filashin waje, ta zama tafireta. A haka za ta iya ci gaba da aiki ba tare da ta cuci kowa ba.

Masu gyara da kayan da su ke ɗorawa

Masu gyaran kwamfuta yara ne masu hazaƙa, kuma ba a iya yi sai da su. Amma akwai abubuwa biyu da malami zai lura da su. Wasu sun san dabarar tsallake sharuɗɗan nan, su ɗora Windows 11 a kan na'urar da ba ta cancanta ba. Tana hawa, tana kuma aiki, sai dai Microsoft ya faɗa a fili cewa bai ɗauki alkawarin aiko wa irin wannan na'ura faci ba. Wanda ya yi haka ya sani ya gina ɗaki ne a filin aro.

Na biyu ya fi nauyi. An saba ɗora Windows da Office na sata, sa'an nan a sa wata 'yar manhaja da ke ruɗin na'ura ta ɗauka an biya. Kafin a sa ta, sai an kashe mai gadin na'urar, don in ba haka ba zai kama ta. Ba wanda ya san abin da aka cusa cikinta a inda aka samo ta. Ofishin da ke hukunta rikicin iyakar gona bai kamata a same shi da kayan sata a bisa tebur ba, balle kayan satar da ke iya buɗe wa wani ɓarawon ƙofa.

Haka nan ƙananan manhajojin da a ke cika na'ura da su, wai masu share datti, masu ƙara sauri, masu neman direbobin na'ura. Yawancinsu ba su da wani amfani. Ko mai suna a cikinsu ba ta tsira ba: a 2017 ɓarayi suka kutsa cikin kamfanin da ke yin CCleaner, suka sa guba a cikinta, mutum fiye da miliyan biyu suka sauke ta da hannunsu. Windows tana da mai gadinta, Microsoft Defender, wanda ya isa aikin ofis idan an bar shi a kunne. Kamfanin ya ce zai ci gaba da aiko masa da bayanin sababbin cututtuka a kan Windows 10 har Oktoba 2028. Sai dai kada wannan ya ruɗi kowa. Mai gadi a bakin zaure ba ya hana a shigo ta inda katanga ta zube.

Sabuntawa tana cin data, tana kuma son wuta. Windows 11 kaɗai ta haura gigabait 5, ga shi a Janairu 2025 hukumar NCC ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin ɗari. Dabara ita ce a sauke ta sau ɗaya daga shafin Microsoft na ainihi, a zuba a filashi mai tsabta, a ɗora wa na'urori da yawa da shi. Kada kuma a fara aikin bisa dogara da wutar KEDCO kaɗai. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa, na'ura tana iya ƙin tashi. A tanadi janareta ko sola, ko a cika batir tukuna.

Takardun su ne dukiyar

Duk abin da aka faɗa a baya, na'ura ya shafa, ita kuwa ana sayen wata. Abin da ba a saye a kasuwa shi ne abin da ke cikinta: takardun cinikin gona da na jingina, da shaidar rabon gado, da wasiƙun shaidar asali da a ke ba yara masu neman makaranta ko aiki, da jerin sunayen manoman da aka raba wa taki, da sulhun da aka yi tsakanin manoma da makiyaya. A ƙasa irin wannan, inda gona ita ce arziki, takarda guda da ta ɓace tana iya ta da rigimar da kakanni suka kashe. Tun Yuni 2023 kuma akwai dokar ƙasa ta kare bayanan mutane, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da sunaye da lambobin jama'a nauyin tsare su.

Saboda haka kafin mai gyara ya taɓa na'ura, a kwafe kome. Kwafi ɗaya bai isa ba. A yi biyu, a kan rumbun waje ko filashi sabo, ɗaya ya zauna a ofis, ɗaya a wurin hakimi cikin akwatin da ke kulle. Bayan an kwafa a buɗe 'yan takardu a wata na'ura a tabbata sun kwafu, gama an sha ɗaukar filashi wofi ana tsammani cike ya ke. Sa'an nan a mai da shi al'ada, ko da sau ɗaya a wata. Ajiya a intanet tana da kyau a matsayin ƙari, amma mutanen nan ba su manta da Satumba 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda tsaro, har da Funtua da Bakori da Malumfashi, aka yi watanni ba sadarwa. Wanda takardunsa ke can sama kaɗai, a wannan lokaci ba shi da takarda. Muhimman takardu kuwa, irin na ƙasa da gado, a buga su, a sa hannu da hatimi, a shigar a kundi kamar yadda malaman da suka yi. Kundin da gara ba ta ci ba ya fi kowace na'ura tsawon rai.

Akwai wata matsala da ta keɓanta ga masu rubutun Hausa, wadda ba a ganinta sai an sauya na'ura. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ba ta san haruffa masu ƙugiya ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙera zubin haruffa masu suna Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka yi wa Hausa babban aiki, marubuta da maɗaba'u suka daɗe suna amfani da su. Dabarar irin waɗannan haruffa ita ce a ari wani maɓalli a ɗora masa ƙugiya. Malami yana ganin ƙ da ɗ da ɓ a allo, amma abin da na'ura ta ajiye a ciki q ne da x da v, ko kuwa alamomin baka. Idan aka kai takardar kan sabuwar na'ura wadda ba ta da wannan zubi, sai ƙasa ta koma qasa, ɗaya ya koma xaya, ɓangare ya koma vangare. A wasiƙar gaisuwa abin dariya ne. A takardar gona, inda sunan mutum ko na wuri ya canza, ba abin dariya ba ne.

Maganinsa biyu ne. Lokacin kwafe takardu, a kwafe zubin haruffan tare da su, a ɗora a sabuwar na'ura. Sababbin takardu kuma a riƙa buga su da tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta kansa, har da ƙ da ɗ da ɓ, yadda ko ina aka buɗe takardar ba za su canza ba. Windows tana da allon bugu na Hausa a cikinta, ana ƙara shi daga wurin saitin harshe, Linux ma tana da shi. Tsofaffin takardu masu muhimmanci ana iya juyar da su sannu a hankali ta hanyar nema da musanyawa, amma malami ya bi da ido, don kada ya taɓa kalmomin Turanci da ke da q ko x ko v na gaskiya.

Saura magana guda, ta mabuɗi. Sababbin zubin Windows 11, daga na ƙarshen 2024, su kan kulle rumbun ajiya da kansu idan aka ɗora su sabo aka shiga da asusun Microsoft. Wannan kariya ce mai kyau, don ko an sace na'ura ɓarawo ba zai karanta abin da ke ciki ba. Amma idan na'ura ta sami matsala za ta nemi mabuɗin ceto, mai lamba 48, wanda ke ajiye a cikin asusun da aka shiga da shi. Idan asusun na mai gyara ne, ko na malamin da aka yi wa canjin wurin aiki, ko wanda Allah ya yi wa rasuwa, to, takardun gunduma sun kullu, kamfanin da kansa ba ya iya buɗewa. Don haka a buɗe asusu da sunan ofis, a kan lambar wayar da ofis ke riƙe da ita. A buga mabuɗin nan a takarda, a rubuta sunan na'urar a kai, a sa a ambulan a liƙe, a miƙa wa hakimi ya ajiye tare da hatimi. Idan an sauya malami, a sauya kalmar sirri a ranar da ya miƙa ofis, a gaban wanda ya karɓa.